Mizanin Mai Nutso: Nasiha ga Samarin Bakin Binuwai

Ya ku 'ya'yana samarin Garwa da na ƙauyukan gaɓar Binuwai, tun daga inda Mayo Kebbi ya zubo har zuwa mahaɗar Faro kusa da iyakar Nijeriya, ina so in yi muku magana a kan wata mas'ala wadda a ido ƙarama ce, har mai gaggawa ya ce ba ta cancanci tawada da takarda ba, alhali kuwa rai ne yake rataye a jikinta. Mas'alar ita ce ta jakar iskar nan da mai nutso da tukunyar numfashi kan ɗaura a gadon bayansa, wadda masu sana'ar ke kira fiffike, da yadda mutum zai san gwargwadon nauyin da ya kamata ta iya ɗagawa tun bai zare kuɗinsa ya saya ba.

Kada wani ya ce ai wannan zancen mutanen bakin teku ne, mu nan ina mu ina teku. Tun da Sinawa suka soma ginin madatsar Lagdo a 1977 suka gama a 1982, ruwan Binuwai ya taru a bayanta ya zama tafki mai faɗin da ya kusa murabba'in kilomita 600, kimanin kilomita 50 daga Garwa, masunta suka yi ta kwararowa, Hausawa da Musgum da Kotoko da waɗansu daga Nijeriya da Cadi, kowa da kwalekwalensa da komarsa. Inda kuwa jirage suka yawaita a kan ruwa mai zurfi, ba a rasa injin da ya suɓuce ya faɗa, ko tarun da ya sarƙe a kututture, ko kuma, Allah ya kiyashe mu, jirgin da ya kife aka shiga neman bayin Allah domin a yi musu sutura. A cikinku akwai masu shiga aikin kwana-kwana, akwai masu shiga sojan ruwa, akwai waɗanda neman abinci kan kai Duwala da Limbe, ko Kiribi inda sabuwar tashar manyan jirage ta soma aiki a 2018. Kayan nutso kuwa, waɗanda a da sai a hannun Turawa ake ganinsu, yanzu gwanjonsu na yawo cikin wayoyinku, mai sayarwa ya aiko da hoto ya ce wannan laba 30 yake ɗagawa, wancan laba 60, kuɗin kuma bai bambanta ƙwarai ba. Sai yaro ya yi ƙiyasi, ya ce tun da farashi kusan ɗaya ne ai gara babban. Wannan ƙiyasin na zo in rushe, domin ɓatacce ne tun daga tushensa.

Asalin ilmin daɗaɗɗe ne. Arshimidas, masanin Yunanawa na birnin Sirakusa, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, shi ake jingina wa gano cewa duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture daga mazauninsa. Malaman Musulunci kuma ba su bar zancen a nan ba, don kuwa Abdurrahman al-Khazini, wanda ya zauna a birnin Marwa, ya wallafa Mizanul Hikma wajen shekara ta 515 ta Hijira, watau 1121, ya yi bayanin awon abubuwa a cikin ruwa, ya kuma tabbatar cewa ita kanta iska tana da nauyi. Daga wannan ƙa'ida lissafinmu duka zai fito, kuma sauƙinsa ya kai ɗan firamare ya riƙe shi: lita 1 ta ruwan daɗi kilo 1 ce, saboda haka duk lita 1 ta iska da ka hura cikin fiffike ta ture lita 1 ta ruwa, ta ɗaga kilo 1. Fiffiken da cikinsa ke cin lita 14, kilo 14 yake ɗagawa, ba ƙari. Masu ƙira na Amurka da laba suke rubutawa, kilo 1 kuwa laba 2.2 ne; laba 30 ta kama kilo 13 da rabi da 'yan kai, laba 40 kilo 18, laba 60 kilo 27.

To, me ya sa aka ƙago shi tun farko? Sa'ad da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka haɗa na'urar numfashinsu a Faransa a 1943, ba wata jakar iska a tare da ita; mutum kan daidaita dalmarsa ne kawai ya shiga, abin da ya saura ya gyara da huhunsa da ƙafafunsa, kuma a haka aka shekara da shekaru ana nutso kafin rigar iska ta Fenzy ta fito a 1961. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba fiffike ke ɗauke da mai nutso ba. Muradin mai nutso shi ne ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, ba ya nitsewa ba ya tasowa, in ya ja numfashi ya ɗan ɗaga, in ya saki ya ɗan sauka. Da a ce nauyinsa ba ya sauyawa daga shigarsa zuwa fitarsa, da dalma kaɗai ta wadatar da shi. Amma yana sauyawa ta fuska biyu, kuma domin cike gurbin wannan sauyi ne kurum aka yi fiffike.

Fuska ta farko ita ce iskar da ke cikin tukunya. Kowace lita ta iskar da muke shaƙa tana da nauyin giram 1.2, tukunya mai lita 12 kuwa in aka ɗura ta har matsinta ya kai bar 200 ta haɗiye lita 2,400, watau kusan kilo 3. Mai lita 15 ta kai kilo 3 da rabi da ɗoriya. Tagwayen tukwane masu lita 12 kowace sun tasam ma kilo 6. Wannan nauyi yana tare da kai a farkon nutso, kana shaƙa kana fesar da shi kumfa-kumfa har ya ƙare, saboda haka mutumin da zai daidaita a ƙarshen nutsonsa lalle ne ya fi ruwa nauyi da kilo 3 a farkonsa, fiffike ne kuwa zai riƙe masa ukun nan kafin numfashinsa ya cinye su.

Fuska ta biyu ita ce rigar roba. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, har a Garwa, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, mutum in ya daɗe a ƙasan ruwa sai ya ji ɗari, balle cikin hunturu. Shi ya sa ake sa rigar. Robar tata cike take da ƙananan ƙwayoyin iska, su ne ke tsare ɗumi, su ne kuma ke sa ta yi ta tasowa har sai an rataya dalma an danne ta. Robert Boyle, wanda ya yi bincikensa a Oxford ta Ingila, ya bayyana a 1662 cewa iska in aka ninka matsin da ke kanta sai girmanta ya koma rabi. Ruwa kuwa kowane mita 10 na zurfinsa yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar sararin sama duka, watau a mita 10 matsi ya zama ninki biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Saboda haka kana sauka rigar na motsewa tana sirancewa, ƙarfin tasowarta na raguwa, dalmar da ka rataya dominta kuwa ba ta ragu da ko giram ɗaya ba. Riga mai kaurin milimita 3 ta babban mutum takan ɗaga kamar kilo 2 zuwa 3 a saman ruwa, mai milimita 7 irin ta ƙasashen sanyi ta ninka haka sau biyu ko uku. Amma kada ka tsaya ga ƙiyasina, auna taka: cusa ta cikin buhun raga, ka tsoma ka jujjuya har iskar da ta maƙale a lunguna ta fice, sa'an nan ka yi ta ƙara dalma har buhun ya soma nitsewa, abin da ka ƙara shi ne adadinta. Mai taka-tsantsan sai ya ƙaddara cewa a can ƙasa za ta rasa wannan adadi ɗungum, ko da yake a haƙiƙa wani abu kan saura.

Kafin a tara waɗannan akwai sharaɗi, sharaɗi kuwa, kamar yadda kuka sani daga karatun fiƙihu, yana gabatar abin da aka gindaya shi dominsa. Sharaɗin shi ne daidaita dalma. Ba a zaɓen fiffike sai an san dalma, kuma galibin masu kukan cewa fiffikensu ya yi musu kaɗan, in aka bincika sai a tarar dalma ce ta yi musu yawa. Ga yadda ake gwadawa: ka bari tukunyarka ta sauko wajen bar 50, ka tsaya a zurfin mita 5, ka fitar da iskar fiffike ƙaf, in ka iya zama a nan da numfashi na al'ada, ba ka fafutuka da ƙafa don kada ka nitse, ba ka kuma kama igiya don kada ka taso, to dalmarka ta yi daidai, in kuwa ƙasa kake yi sai ka rage. A nan ne ya wajaba mutumin Binuwai ya farka daga gafala, domin littattafan koyon nutso galibi da ruwan gishiri suke magana, ruwan teku kuwa ya fi na daɗi nauyi da kashi 2 da rabi cikin 100. Mutum mai kilo 70 da kaya masu kilo 30 a jikinsa, jimla 100 ke nan, teku na ɗaga shi fiye da yadda Lagdo za ta ɗaga shi da kilo 2 da rabi. Wanda ya koyi nutso a Limbe da dalma kilo 6, ya dawo gida ya ɗaura shidan nan ya faɗa tafki, ya shiga da kilo 2 da rabi na banza, ya ɗora wa fiffikensa aikin da ba nasa ba. Ma'abota ruwa ba su taɓa raina wannan bambanci ba. Layin lodin da ake zanawa a gefen manyan jiragen teku, wanda ya samo asali daga dokar Ingila ta 1876 da Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka a kanta, yau yana da alama dabam ta ruwan daɗi.

In dalma ta daidaita, saura lissafi biyu, a ɗauki wanda ya fi girma. Na farko shi ne halin da za ka fi nauyi a ƙarƙashin ruwa, watau kana can ƙasa, tukunya cike, riga ta motse: nauyin iska a tara da ƙarfin riga. Mai tukunyar lita 12 da rigar milimita 3, uku da uku ke nan, kilo 6. Na biyu, wanda samari kan manta da shi, shi ne kayan su kaɗai a saman ruwa ba kai a cikinsu. Wanda ya taso a gefen kwalekwale ba ya iya hawa da tukunya a baya, sai ya kwance kayan cikin ruwa ya hau, daga baya a jawo su. Wani lokaci kuma a jefa masa su ne ya sa a cikin ruwa. A wannan hali rigarka da huhunka ba sa taimakon kayan da kome, fiffike kaɗai ke riƙe da tukunya da allon baya wanda ake ɗaure ta da fiffiken a jikinsa da na'urar shaƙa da fitila da duk dalmar da aka ɗaure a jikinsu, in kuwa ya gaza, kana ji kana gani dukiyarka za ta wuce ƙasa. Awon wannan ba wuya: nemi sikeli mai ƙugiya, ka rataya kayan gaba ɗaya, tukunya cike, fiffike ba iska, ka zura su daga gefen jirgi har ruwa ya rufe su, ka karanta. Da tukunyar ƙarfe mai lita 12 da allon ƙarfe, abin da sikeli kan nuna yakan faɗa tsakanin kilo 8 da 10. In allon na alminiyam ne ya ragu da kusan kilo 2. Sa'an nan a ƙara 'yar rara, domin kan ɗan Adam shi kaɗai ya kai kilo 4 zuwa 5, kana kuwa so ya fita sarai sa'ad da hadari ya taso tafki ya soma tumbatsa, ga shi kuma ɓangaren fiffiken da ya leƙo sama da ruwa ba ya ɗaga kome, tun da bai ture ruwa ba. Duk da wannan rara za ka tarar lissafin mai tukunya ɗaya a ruwanmu mai ɗumi bai wuce kilo 13 ko 14 ba, watau laba 30 ɗin nan da yaro ya raina. Laba 40 ta mai riga mai kauri ce da babbar tukunyar ƙarfe, abin da ya haura haka kuwa na masu tagwayen tukwane ne.

Na san mai jayayya zai ce, to Baba, mun ji 30 ta isa, amma 60 me ta ɓata, in ban cika ta ba ai shi ke nan? Sarkawa da Kabawa masu su da gora, irin waɗanda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, sun riga mu sanin amsar: masunci ba ya ɗaukar goran da ya fi kowane girma, sai wanda in ya kifa a kansa ƙirjinsa ya zauna daidai, hannuwansa su kai ga ruwa, domin goran da ya fi ƙarfin mai shi wuntsila shi zai yi ta yi. Fiffiken da aka ɗinka domin tukwane biyu faɗi gare shi, tagwayen ne ke danne shi ya kwanta. In aka ɗaura masa tukunya ɗaya sai gefunansa su tashi su naɗe ta, iska ta haye can sama ta maƙale a inda bututun fitarwa ba ya kai gare ta, mai nutso ya ɗaga bututu ya danna ba abin da ya fita, ya shiga mirgine-mirgine yana neman kusurwar da za ta saki. Iskar kuma, da yake wuri ya yi mata yawa, takan gudu daga wannan gefe zuwa wancan tana karkatar da shi. Ga yadin da ya yi saura yana kaɗawa, ruwa na jan sa, gudu na raguwa, gajiya da cin iska na ƙaruwa, gajiya kuwa a Binuwai cikin Agusta da Satumba ba abin wasa ba ce. Ga sarƙewa, a ruwa mai laka inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa, tsakanin rassan da ruwa ya shanye da tsofaffin taruna da ƙugiyoyin masunta. Sa'an nan ga ranar da yashi zai shiga maɓallin hurawa ya maƙale, iska ta yi ta ɗura ba tsayawa: mai kilo 14 in ya cika tam, mutum yana iya fafatawa da shi, ya baje hannu da ƙafa, ya cire tiyon da ke kawo iskar, ya buɗe bawul, mai kilo 27 kuwa kafin hannunsa ya kai ga tiyo ya riga ya fizge shi.

Amma babban laifin babban fiffike a wurina shi ne yana rufa wa jahilci asiri. Madaidaici ba ya yarda ka yi israfin dalma, nan da nan zai tona ka. Babba kuwa sai ya haɗiye kuskuren ya yi shiru, mai shi ya shekara yana zaton ya ƙware. Ka ɗauka mutum ya ɗaura kilo 4 fiye da bukata. Tilas ya riƙe lita 4 ta iska a fiffike duk tsawon nutsonsa domin ya kashe su. A mita 10 ya daidaita, ya soma tasowa, litar nan huɗu na kumbura, kafin ya kai sama sun zama 8, kuma kowane taƙi da ya hau yana ƙara kumburin, kumburin na ƙara saurin hawan, har abin ya ƙwace daga hannunsa. Ku lura da kyau, a mita 10 na ƙarshe ne iska ke ninka kanta cur, alhali daga mita 30 zuwa 20 sulusi kawai take ƙaruwa. Saboda haka ruwa marar zurfi, wanda galibin aikinmu a cikinsa yake, shi ya fi wuyar sha'ani, ko da yake shi aka fi rainawa. Ƙa'idar ma'abota sana'ar ita ce kada hawa ya wuce mita 9 ko 10 a minti ɗaya, a kuma dakata minti 3 a mita 5. Wanda aka fizgo sama yana riƙe da numfashi, huhunsa na iya tsagewa ko da daga zurfin da bai kai mita 2 ba. Wanda ya daɗe a ƙasa kuwa, iskar naitirojin da ta narke a jikinsa sai ta yi kumfa, ta jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki, maganinsa kuma ɗakin matsi ne na musamman wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Tun da zance ya kawo mu nan, bari in ƙara da cewa wanda ya yi nutso a Lagdo kada ya hau mota ya haye tsaunin Ngaundare a ranar, domin garin ya haura mita 1,000 bisa teku, hukuncinsa ya yi kusa da na hawa jirgin sama, wanda likitocin nutso suka ce a jinkirta shi aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa.

Kada kuma ku fahimce ni a karkace ku faɗa ɗaya gefen, domin tafriɗi ɗan'uwan ifraɗi ne. Akwai ƙananan fiffike masu laba 18 ko 20, na masu yawon shaƙatawa da tukunyar alminiyam a teku mai ɗumi. Wanda ya ɗaura wa irinsu tukunyar ƙarfe da kayan aiki ya zalunci kansa. Alherin tsarin allon baya shi ne fiffike na kwancewa a sauya, ranar da aikinka ya kai ka ga tagwayen tukwane sai ka sayi nasu dabam, ba sai ka sake kome da kome ba.

Akwai tambayar da nake so kowane ɗayanku ya yi wa kansa tun yana bisa jirgi: in fiffiken nan ya fashe ina can ƙasa, tukunya cike, zan iya fitowa? Ƙarfe mai kaifi kan yage shi, gwiwar bututu kan ɓalle, a wannan sa'a kuwa babba fasasshe da ƙarami fasasshe hukuncinsu ɗaya. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, amma ƙafar lafiyayyen saurayi, ko da takalman iyo, 'yan kilo kaɗan take iya turowa sama, kamar 4 ko 5, shi ma na ɗan lokaci. Abin da ya haura haka wajibi ne ya zama dalmar da ake iya kwancewa a yar. Nan ne tarkon ruwanmu yake. Da yake ruwan daɗi ne, ga ɗumi, ga riga siririya, wanda ya haɗa tukunyar ƙarfe da allon ƙarfe sau da yawa ya riga ya yi nauyi tun bai ɗaura dalma ko ɗaya ba, har ya yi alfahari wai shi ba ya bukatar ɗamarar dalma, bai san cewa ya rasa abin yarwa ne ranar tsanani ba. Gara ya ɗauki allon alminiyam, ko tukunyar alminiyam wadda takan so tasowa in ta kusa ƙarewa, domin wani kaso na nauyinsa ya koma ɗamara inda hannunsa ke kaiwa. A can ƙasa ba a yar da dalma duka sai bisa larura, gudun kada a harba sama. Amma a saman ruwa, in ka ji kana shan ruwa, yar da ita ba tare da lissafin kuɗinta ba, domin da yawa daga waɗanda suka halaka a wannan sana'a an tsamo su ne da ɗamarar dalma a ɗaure.

Abu guda kuma na hana ku, hani mai ƙarfi, shi ne mai da fiffike abin ɗaukar kaya. Injin jirgi mai doki 15 ya haura kilo 30. Mai shi na bisa yana roƙo, ɗan'uwa taimaka, abincin iyalina ke nan. Sai saurayi ya sauka ya rungume injin, ya cika fiffike tam domin su taso tare, har ma don irin wannan rana ya sayi babban. In hannunsa ya zame a tsakiyar hanya, injin ya koma ƙasa, shi kuwa ya zama mutum mai rarar ɗagawa ta kilo ashirin da wani abu a ƙiftawar ido, ba kuwa bawul ɗin da zai fitar da wannan iska kafin ya kai sama. Hanyar da ta dace ita ce a ɗaura wa kayan igiya waɗanda ke cikin jirgi su ja, ko a ɗaura musu jakar ɗagawa tasu dabam, mai nutso na gefe, ba a bisansu ba, ba a ƙarƙashinsu ba.

Haka nan fiffike ba rigar ceto ba ne, ko da alƙaluman sun yi kama. Rigar ceto mai niyuton 150 kimanin kilo 15 take ɗagawa, amma a ƙirji da wuya aka tara ƙarfinta domin ta juya wanda ya suma fuskarsa ta dubi sama. Fiffike a baya yake, in aka cika shi ƙwarai a saman ruwa sai ya nemi kifa mutum, saboda haka a hura shi madaidaici a ɗan kishingiɗa baya. Fasinjan kwalekwale ranar kasuwa rigar ceto ce tasa.

Wannan duka da na rubuta ba ya maye gurbin malami, kuma ba a koyon nutso da tukunya daga takarda ko daga waya. Ba a shiga mutum ɗaya, ba a kuma kusantar mashigar ruwan madatsa ko ƙofofinta sai da izinin masu ita bayan an tabbatar an rufe, domin zuƙar ruwa a bakin rami ta fi ƙarfin kowane fiffike da aka taɓa ɗinkawa. Mai cewa ajali in ya zo ba makawa gaskiya ya faɗa, sai dai malamai sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, riƙon sababi kuwa bai taɓa warware tawakkali ba.

Saura gwanjo, tun da na san galibinku ta nan za ku saya. Kada ka biya sai ka hura shi ya cika tam har bawul ɗin tsaro ya fesa da kansa; in bai fesa ba, ajiye shi. Ka bar shi cike ya kwana, in da safe ya saki to yana yoyo, sai ka tsoma shi a ruwa ka bi kumfa ka ga ko wurin na gyaruwa. Ka miƙe bututun nan mai ƙunƙuruwa ka duba tsaga, musamman a gwiwarsa inda ya haɗu da jaka, domin rana da zafi irin namu suna busar da roba da sauri. Ka jona tiyo da tukunya ka danna maɓalli sau da yawa ka ga yana komawa da kansa. Lambar da aka buga a jikinsa kuma kada ka karɓe ta da ido rufe, don fiffike in aka matse shi tsakanin allo da tukunya ba ya cin abin da yake ci a sake: ɗaura shi yadda za ka yi nutso da shi, ka ɗura masa ruwa ta bututun baki har ya ƙi karɓa, ka juye cikin jarka mai awo, litar da ka samu ita ce kilon da yake ɗagawa. Ita za ka gwada da lissafin nan biyu na ɗazu. In ta wadatar, ka wanke cikinsa da ruwa mai tsabta bayan kowane nutso, ka hura masa 'yar iska don kada bangon jakar ya manne, ka rataye shi a inuwa nesa da fetur da man inji.